Cire Min Waƙar Nan

"Lafiya lau, in ban da kai da ka hana ni sakat," in ji Kaka, ta dangwarar da wayarta a teburin jikanta, tsakanin matattun batura da ƙananan kusoshi. Shagonsa na gyaran waya bai fi faɗin tabarma ba, sai da ta ture kwalin caja ta sami wurin zama.

"Amarya da kanki? Da kin aiko ai da na zo da mota."

"Miji ko keke babu. Cire min waƙar nan da ka liƙa min."

Makon jiya ta kawo wayar ya canza mata gilashi, shi kuma ya sa mata waƙar zaman lafiyar duniya da ake yayi, ba ta tashi sai in ƙanwarta ce ta kira. Wata huɗu ke nan Kaka ba ta yi wa ƙanwar magana ba, tun ranar da ƙanwar ta sa aka sare gwabar da mahaifiyarsu ta dasa.

"Waƙar da manyan mutane ke hawaye in sun ji?"

"Ba su da aikin yi. Mawaƙin nan ɗan wayo ne. Daga buɗe baki sai 'mu', mu 'yan uwa ne, mu ɗaya ne. Yaushe na haɗa dangi da shi? Ya cusa ni cikin taronsa ko sallama babu."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ke ba haka kike yi ba? 'Mu tashi mu share gida,' sai ki koma ki zauna."

"Ni na haifi uwar mai sharar. Shi fa? Sannan ya hau jero tambayoyi, wai wa ya taɓa shuka harsashi ya girbe hatsi. To wa zai ce ni ne? Tambayar da amsarta ɗaya ce ai tarko ce."

"Ashe har kin haddace."

"Ba dole ba? Sau tara ta kira jiya."

"Da kin ɗauka tun a na farko, da baiti ɗaya kika ji."

"Ji shi, kunnuwa kamar murfin tukunya, amma ba ya jin magana. Na ce ka cire. Da hujja ta ƙare wa mawaƙin sai ya kwaso yara su yi masa amshi, don ya san ba mai musu da muryar yaro. Abu ɗaya sau ashirin, har sai ka gaji ka ce to."

"Da haka kika samu kakana, an ba ni labari."

"Kakanka shi ya yi ta sintiri har takalminsa ya ƙare." Ta gyara mayafi, muryarta ta ɗan sauka. "Inda ya fi ba ni haushi ƙarshen. Ya tsayar da kiɗa, ya yi ƙasa da murya, wai kowa ya tuna bayan da ya goya shi. Ina ruwansa da uwata?"

Jikan ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Kaka, jibi za a yi wa ƙanwarki aikin ido. Tsoro take ji. Ta ce ba ta son kowa ya raka ta sai ke."

Kaka ta dubi wayar.

"Shi ne ba wanda ya faɗa min?"

"Sau tara aka so faɗa miki."

"Rufe min baki." Ta ja tsaki. "Mai tsoron allura tun tana yarinya, ita ce za ta kwanta a taɓa mata ido. Amma ta iya kiran mai gatari."

"Saiwar gwabar ta tsaga bango, kin sani. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Kai ma waƙar za ka fara? Nemo min lambarta. Gara in ji muryarta da in ƙara jin yaran nan."

"To a cire waƙar?"

"Bar ta, amma ba don ta ci ni ba."

Ta zaro lemo ɗaya daga jaka ta cilla masa, dariya na neman ƙwace mata. "Ungo, ladan munafunci." Sannan ta karɓi wayar ta kara a kunne, ta ɗaure fuska. "Ke, ƙarfe nawa suka ce mu je?"