Ranar da Na Kai Littafin Surukina Asibiti

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba na jin zan manta ranar da na tara malamai a Ajingi don in nuna musu gwanintata.

A lokacin ni ke kula da ɗakin karatu na wata ƙungiyar makarantun Islamiyya. Matsalarmu ɗaya ce: kowa da sunan da yake kiran abu. Wannan ya rubuta "mirasi" a bayan littafi, wancan "fara'id", wani "gado". Ɗalibi ya zo nema ya koma hannu rabbana, alhali littafin na kan kanta. Sai na samo wata manhaja ta tsara kalmomi. Aikinta shi ne ka zaɓi kalma ɗaya ka ce ita ce uwa, sauran masu ma'ana irin tata ka rataya su a jikinta. Kowacce mutum ya buga, wuri ɗaya za ta kai shi. Na iya ta sosai (wannan ba yabon kai ba ne, har gobe ni ake kira idan ta rikice).

Aka sa ranar da shugabannin makarantu za su gani, su yanke ko za a yi amfani da ita ko a bar ta. Cikinsu har da surukina, mahaifin matata, wanda duk yankin in an rasa yadda za a raba gado wurinsa ake zuwa. Yana da ɗan littafi da ya rubuta a kan haka. Ni da bakina na gayyace shi.

Da safen ranar sai na ga kundin kalmomin da na zuba a manhajar ya yi mini ƙanƙanta. Abokina Sani yana irin wannan aiki a Gaya, sai dai shi takardun wayar da kai kan kiwon lafiya yake tsarawa. Na ce ya turo mini nasa in haɗa, abin ya cika ido. Manhajar ta ce ta ga kalmomi masu rubutu iri ɗaya, in duba su ɗaya bayan ɗaya ko ta haɗe? Ina cin ƙosai na danna haɗewa.

Zaure ya cika. Aka kunna majigi a jikin bango. Na gyara hula na yi jawabi mai tsawo, har da cewa daga yau littafi ya daina ɓata a ƙasar Ajingi. Sannan na rusuna wa surukina na ce, "Baba, a faɗi duk abin da ake so a nemo."

Ya ce, "To, nemo mana gado."

Na buga ba tare da na kalli bango ba, jama'a nake kallo ina murmushi. Na ga wani malami daga Toranke ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai na waiwaya.

Littafin Baba ya fito kam, shi ne a sama. Amma a ƙarƙashin babban rukuni na "Kayan asibiti". A gefensa an jera masa 'yan uwa: katifa, zanen gado, gidan sauro.

Baba ya karanta a hankali, da murya, har ƙarshe. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe duk shekarun nan kwantar da marasa lafiya nake yi."

Mai hankali a nan zai kashe majigi ya ba da haƙuri. Ni kuwa cewa na yi, "Ƙaramin abu ne, Baba. Bari a ga yadda take kawo rabon kowane magaji." Na buga "kashi", ina nufin kashin 'ya mace da na ɗa namiji.

Ba zan rubuta abin da ya fito ba. Ku dai tuna kundin Sani na asibiti ne, kuma takardarsa ta farko a kan tsaftar bayan gida ce, da hoto.

Wani ya yi salati. Na baya suka fara tari irin na ɓoye dariya. Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na nemi madannin kashewa na rasa, sai na tsaya a gaban majigin don in tare, hoton ya koma kan farar rigata.

Da zaure ya lafa, Baba ya ce, "Ɗana, wannan abin yana gyaruwa?"

Na ce, "Yana gyaruwa, Baba."

"To, a gyara a dawo. Nemowar dai ta nemo."

Na raba kundin biyu, na bi kowace kalma mai fuska biyu na rubuta mata bayani a gefe. Zama na gaba suka amince, yanzu har makarantar Gafasa da ita suke aiki. Labarin kuwa ya riga ni isa gida, na tarar matata ta kasa zuba mini abinci don dariya.

Abin da na koya shi ne kwamfuta tana da ido amma ba ta da kunne, ita kuwa Hausa da kunne ake rarrabe ta. Kuma duk abin da zan nuna wa jama'a yanzu, matata nake fara nuna wa. Ita dariyarta ba ta wuce tsakar gida.