Kunamar Ƙaho da Tumbin Ɗan Goggo

"...lafiya lau, ɗan Kawu. Ya zafin wuta? Ina ƙahona?"

"Ko gaisuwar ba ka bari ta huce ba. Zauna tukuna, amma ba a bencin nan ba, shi kaɗai ya rage mini."

Ɗan Goggona ke nan, Kumatu. Tun muna yawo ba wando nake tsokanarsa yana ramawa. Ɗan badujala ne, yana busa wani ƙaton ƙahon tagulla mai hanji a nannaɗe, wai shi yufoniyom, wanda ake rungumewa kamar yaron da ya ƙi yaye. Ni kuwa gyaran keke da walda nake yi, a shagon da in ka yi miƙa sai ka mari bango biyu.

Ƙahon yana da wata murya da in an hau sama take zarcewa, ta yi tsini kamar an taka wutsiyar kyanwa. Maganinta a ɗan zaro bututun saiti daidai lokacin, a mayar, ga shi kuwa hannu biyu duk suna kan aiki. Shi ne ya kawo in sa masa kunama irin ta bindiga, wadda babban yatsan hagu zai danna ta tura bututun. Mai Sanda, shugabansu, ya riga ya yanke: in bai ji gyara a gwajin yau ba, wani zai ba busar da mutum ke miƙewa ya yi shi kaɗai ranar yaye ɗaliban makarantar 'yar Kumatu, shi kuma ya koma baya yana buga faranti. Yarinyar kuwa ta gama gaya wa duk ajinsu cewa babanta ne zai miƙe.

Ya ajiye kwanon abincinsa a kan teburina, a ɗaure da ƙyalle. Na yaye buhun da na rufe ƙahon.

"Wannan fa?" in ji shi. "Ba hannun birkin keke ba ne?"

"Da can. Yanzu ya samu ƙarin girma."

"Ɗan Kawu, ƙahon da ya haye teku ya zo, shi ka maƙala wa birki? Ƙararrawa da kujera kaɗai suka rage in hau shi in tafi gida."

"In ka hau shi ai sai dai a kwashe shi da tsintsiya. Wannan aikin da kake gani, masu ƙera jirgin sama sun aiko a ba su aro, na ce na ɗan'uwana ne."

"Kai da aka kora daga makaranta saboda ka kasa zana da'ira da bakin kofi."

"Ba kora ba ce. Malamai ne suka ga na fara fin su, aka roƙe ni in tafi cikin mutunci."

Na ɗora ƙahon a tebur na danna. Bututu ya fito sumul, na saki, sifirin ya dawo da shi ba ko ƙara. Na goge shi har sai da ya fi goshin Kumatu santsi. Na ga idonsa ya yi haske, amma bakin bai yarda ba.

"Ko agogon da ya mutu ma yana motsi in ka girgiza shi. Kawo nan."

Ya rungumi ƙahon, ya cika kumatu, ya fara hawa. Kwanukan mai shayin da ke maƙwabtaka da ni suka ɗauki rawa. Da ya iso muryar nan ya danna kunama, sai kyanwar ta yi kukanta yadda ta saba.

"Ka ji aikin masu jirgin sama."

"Ba ka danna ba."

"Na danna har yatsana ya yi fari."

"To yatsan ne. Dama duk gidanku yatsunku kamar guntun rogo suke."

"Gidanmu ai gidanku ne, uwata da ubanka ciki ɗaya."

Ya sake busawa, kyanwa ta sake kuka. Wannan karon sai ya sauke ƙahon. Ya zauna a bencin da na hana shi, ya zuba wa ƙahon ido.

"Jiya 'yata da kanta ta goge mini rigar badujala," in ji shi a hankali. "Har maɓallan ta wanke da toka."

Ni ma zufa ta karyo mini, don na san a tebur abin nan ya yi aiki. Na ce ya miƙe ya danna ba tare da ya busa ba, na durƙusa ina leƙe ta ƙasa. Bututun ya taso da ƙarfinsa, ya yi taku ɗaya, ya nutse cikin wani abu mai laushi ya tsaya.

"Kumatu, na gano ɓarawon."

"Birkinka ne."

"Tumbinka ne. Bututu ya fito zai wuce, ya tarar an gina gari a hanya."

"Wane tumbi? Wannan iska ce. Duk mai busa yana da ma'ajiyar iska."

"Iskar da ake ci da cokali? Tela ya gaya mini sai da ya huta a hanya kafin ya gama zagaye ka da tef."

"Kai da in ka juya gefe sai a ɗauka ka tafi. Da za ka auna ƙaho, me ya hana ka auna mai ƙaho?"

Nan ya kama ni, amma ban nuna ba.

"Tef ɗina na keke ne, ba na tanka ba. Shanye cikin mu gani."

Ya shanye ciki, bututu ya wuce. Ya kai baki zai busa, iska ta ce ba ta san zancen ba. Abin da ya fito ko sauro ba zai tasa ba.

"To ka zaɓa, ciki ko busa," na ce.

"Ka zaɓa mini wani ɗan Kawun dai."

Abin da ake bukata garkuwa ce, wani faranti mai ɗan doro da zai tsaya tsakanin tumbi da bututu. Na duba shago, daga sarƙa sai tsohuwar taya. Sai idona ya sauka a kan tebur. Na kwance ƙyallen.

"Kai, kai. Murfin kwanon uwargida ne. Cikin kayan aurenta yake."

"Shi ya yi ɓarnar, shi zai gyara. Duba doronsa, kamar a jikinka aka ƙera shi."

"In ta tambaya fa?"

"Ka ce ya shiga badujala."

Kafin ya gama salati na huda murfin, na kafa masa ƙafafu da wayar keke, na ɗaure a jikin ƙahon. Ya runguma yana hararata. Tumbi ya kwanta a kan murfi, har da zanen furanni. Ya hau, ya hau, ya danna. Bututu ya wuce ta bayan garkuwa, muryar ta sauko ta zauna daram, mai kauri, mai daɗi. Mai shayi ya leƙo da ludayi a hannu. Kumatu ya maimaita, ya ƙara maimaitawa, sannan ya sauke ƙahon yana dariya har murfin na rawa.

"Ba laifi. Don dai ni gwani ne."

"Faɗi gaskiya, ko in cire murfina."

"Naka? To, na yarda. Duk cikin 'ya'yan Kawu da ba su gama makaranta ba, babu kamarka."

"Ni kaɗai ne ban gama ba."

"Shi ya sa."

Ya saɓa ƙahon zai tafi wurin Mai Sanda, ya dubi kwanon da ke buɗe yana tururi, ya turo mini shi.

"Ci, ɗan Kawu. Ba murfi, ba zan iya ɗauka ba. Kuma in na ƙara ko loma ɗaya, sai dai ka ciro murfin tukunya."

Har ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"In ka cinye, kai za ka mayar mata da kwanon."