Ranar da Na Ɗaure Bindiga da Roba a Gubaira

Ko na manta komai na zamana a Riyad, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a unguwar Gubaira ba. Har yau in na tuna ina tuƙi, sai in ji na ce "kai!" da ƙarfi ni kaɗai a mota.

Direba ne ni a gidan wani dattijo, Abu Fahad, a Nasiriya. Shi ne kafil ɗina, wato zamana a ƙasar a hannunsa yake. Saura wata biyu iƙamata, wato katin izinin zamana, ta ƙare, sai ɗansa ya iya tuƙi, na fara jin ƙishin-ƙishin cewa gidan ba ya bukatar direba. Hankalina ya tashi sosai, domin ga mata da 'ya'ya uku a gida, ga ginin da ko linta bai kai ba.

A daidai lokacin ne Abu Fahad ya yi ritaya, ya ce shi ma zai riƙa bin surukansa farautar tsuntsaye a sahara. Bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma ba ya son su gane. Yana cikin wannan ƙorafi a mota, sai bakina ya buɗe da kansa.

"Ɗal umrak, ranka ya daɗe, ai ni jikan Sarkin Baka ne. A garinmu kakana ne shugaban maharba."

(Gaskiyar magana, kakana yana da wata tsohuwar harba-ruga da yake korar birai da ita daga gonar masara. Ni kuwa babban naman da na taɓa kashewa ƙadangare ne, shi ma da danƙo, kuma yana barci.)

Daga ranar na zama "ya sayyad", wato maharbi. Kullum sai na ƙara wa kakana wata dabba. Kafin mako biyu marigayin ya kashe kura bakwai da zaki guda, Allah Ya yafe mini.

Ranar Asabar ɗin Abu Fahad ya ce, "Yalla, takardun izinina sun fito. Akwai abokin surukina da zai sayar da tsofaffin bindigoginsa biyu. Kai za ka zaɓa mini."

Mai bindigogin, Abu Nasir, yana da garejin walda a Gubaira, da ɗakin baƙi a bayansa. Wanda ya kawo mana gahawa da dabino wani dattijo ne Bahaushe, Baba Iro, da ya shekara ashirin yana masa walda. Muka gaisa, ya tambayi garinmu, na faɗa. Ya ce, "Ikon Allah, ai mahaifiyata 'yar can ce." Nan na gane asirina na iya tonuwa, amma na dake.

Aka shimfiɗa bindigogin a kan darduma. Ɗaya baƙa, fentinta duk ya goge saboda riƙo. Ɗayar mai jan katako, tana ta sheƙi kamar sabuwa.

(Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a lokacin: irin waɗannan bindigogi akwai wani katako a ƙarƙashin bakinsu. Shi ake ja baya a tura gaba, harsashi ya hau. Motsin nan shi ne aikinsa. Ku riƙe wannan.)

Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na ɗauki baƙar. Ina kama katakon sai ya zame baya, ƙwaras! Na tura shi gaba, ƙwaras! Na girgiza kai irin na wanda ya ga abin takaici. Bindigar kakana kam komai nata a ɗaure yake tamau da fata da waya, kuma ya sha faɗa mana cewa duk abin da ke motsi a jikin bindiga, mai ita zai ci.

"Wannan ta saki," na ce. "Kharban ce, ta lalace."

Baba Iro ya yi gyaran murya. "Ɗana, ajiye ta ka sha gahawa tukuna."

Ban saurare shi ba. Na ɗauki mai jan katako, na ja, ko gezau. Na sa gwiwa na ja, ko motsi. (Daga baya na ji tsatsa ce ta cinye cikinta, shekara uku tana ajiye a sito.) Na ɗaga ta sama.

"Ga bindiga! Ka ji ta gam."

Abu Fahad ya gyara zama, ya dubi Abu Nasir da isa, ya maimaita masa maganata da Larabcin da ya fi nawa kyau, kamar shi ya gano. Har da ƙarin cewa bai dace a nuna wa mutum kayan da ya saki ba. Abu Nasir ya saki baki yana kallonmu, ni kuma na ɗauka mun kama shi ne.

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Sai na tambayi inda sandar ɗura albarushi take. Baba Iro ya matso kusa da kunnena.

"Don girman Allah ka yi shiru. Wane albarushi? Wannan ba ta toka ba ce."

"Baba, bar ni da aikina, gado ne."

Na fita da sauri, na ɗauko robar tayar da nake ɗaure kaya da ita a but. Na ce in dai baƙar ce za a rage wa kuɗi, to ga yadda muke gyara irinta a gida. Na zauna dirshan, na naɗe katakon da bakin bindigar, zagaye goma sha biyu, na ƙulle da haƙori. Na miƙa wa Abu Nasir da hannu biyu.

Ya karɓa, ya juya ta, ya dube ni. Sannan ya warware robar a hankali, ya nuna mana babu harsashi a ciki, ya yi ƙwaras-ƙwaras sau uku da hannu ɗaya. Ya ce, "Haka take aiki, ya sayyad."

Daga nan dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ƙyallen kansa ya faɗo cikin dabino. Baba Iro ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Da Baba Iro ya samu numfashi sai ya ce mini, "Wai tsaya, ba kai ne jikan Malam Audu mai birai ba? Wanda bindigarsa ta ƙona masa gemu?"

Ni ne. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi damuna ma fuskar Abu Fahad, domin ba ni kaɗai na kunyata ba, har da mutumin da iƙamata ke hannunsa.

Baƙar aka saya. A hanya har na fara tunanin wace jaka za ta ɗauki kayana. Da muka tsaya a danja kusa da unguwar Ulaisha, sai Abu Fahad ya tambaye ni.

"Kakan nan naka, me ya taɓa kashewa?"

"Babu komai, ɗal umrak. Ƙarar ce kawai ke korar biran."

"Zakin fa?"

"A littafin makaranta yake."

Sai ya fashe da dariya har yana dukan kujera. Ya ce ko da kuɗinsa ba zai samu wanda ya fi shi jahiltar bindiga ba, don haka dole in riƙa binsa farauta, in surukai sun tashi tsokana su fara da ni.

An sabunta iƙama. Aikina a sahara figar tsuntsaye da dafa shayi, kuma an hana ni matsawa kusa da bindiga. Robar tana rataye a madubin mota, da umarnin maigida.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni sana'ar kakana, cewa nake ya rasu kafin a haife ni.