Yadda Ake Rainon Furen da Ya Ƙi Ƙasa

Ni na fara ganin furen nan, tun kafin 'yan boko su laƙaba masa suna wai okid. Ina yankan katako a dajin da ruwa ba ya ɗaukewa, bishiya ta faɗo ta danne min ƙafa. Abokan aikina suna ta salati, ni kuwa ina kwance ina kallon wani farin fure mai jan leɓe a jikin reshe, dab da hancina. Ƙafa ta karye, amma tushe bakwai na dawo da su gida. Kai dai bi matakan nan, fure kamar a aljihunka yake.

1. Ka san da wa kake hulɗa

Wannan ba gero ba ne. A bisa yake zama, ya rungume bishiya, saiwoyinsa na reto a iska kamar gemun dattijo. Ba ya shan jinin bishiyar, mazauni kawai ya ara. Ganyensa kauri kamar tafin takalmi. Sau ɗaya yake fure a shekara, in ya ga dama.

2. Kada ka binne shi

Na binne shida a ƙasa da takin awaki, duk suka ruɓe. Mai ɗakina ta ce kashe su na yi. Ba kisa ba ne, bincike ne. In ba don ni ba, da wa zai gaya maka?

3. Nema masa inuwa mai iska

Na bakwan na ɗaure shi a reshen mangwaron tsakar gida da tsohuwar safa, na cusa masa ɓawon itace da ɗan gawayi. Ranar safe ta taɓa shi, ta tsaka kuwa haram. Surukina, wanda ya yi karatun gona, ya leƙa ya ce, "Baba, ai laima yake so, a riƙa fesa masa ruwa." Na ce, "Yaro, lokacin da bishiya ta danne ni kana ina?" Ka haddace wannan amsa, tana maganin kowace shawara.

4. Ruwa

Saiwa ta yi toka-toka, ƙishi yake ji. Ta yi kore, ya ƙoshi. Ni dai ba na shagwaɓa shi, sai na tuna nake ba shi. Shekara takwas muna haka, ganye biyu, fure babu. Wannan shi ake kira tarbiyya.

5. In aka sa maka wa'adi, ka dake

Bana mai ɗakina ta ce, "Malam, unguwa ta gaji da labarin furen da ba wanda ya taɓa gani. A shagon tela har suna kiranka Mai Furen Baki. Damina ta wuce bai yi ba, awaki zan ba." Na dake. Tsohuwar ƙafar ce ma ta motsa, aka kwantar da ni asibiti sati biyar.

6. Karɓi yabonka da hannu biyu

Na dawo na tarar da kara ya fito, furanni tara reras. A gindin mangwaron ga wata gorar roba an huda murfinta. Mai ɗakina ta ce, "Tausayi ya ba ni, kullum da safe nake fesa masa."

Na ce, "Kewata ya yi."

"Kewarka? Hutawa dai ya yi."

Kada ka tsaya musu da mai jinyarka. Ɓoye gorar a bayan randa, sa babbar riga, aika a kirawo tela da mutanensa. Ka tsaya a gefen furen kana dogara sanda, kana cewa, "Sirrin a hannu yake."

Gargaɗi: in naka ya ruɓe, ya bushe, ko akuya ta yi kalaci da shi, babu ruwana, hannunka ne ba irin nawa ba. Wanda kuma yake ganin ƙarya nake, ƙofata a buɗe take, ya zo ya ƙirga da yatsansa. In ya isa namiji, ya ce ba ni na yi ba a gabana. A gabana na ce, ba a gaban mai ɗakina ba.