Ranar da 'Yar Guntuwa Ta Taka Jan Kafet

Jama'a, ku taya ni murna, jiya an yi mini tafi. Tun da nake ba a taɓa miƙewa tsaye saboda ni ba, sai jiya da safe da manyan mutane masu tumbi da tabarau suka tashi daga kujerunsu suna tafawa, ni da motata da tsohuwata muna wucewa ta tsakiyarsu. Yadda aka yi kuwa, sai kun ba ni aron hankalinku.

Ga wanda bai san motata ba, 'yar ƙaramar nan ce mara wutsiya, irin wadda za ka rantse an fara ƙera mota ne ƙarfe ya ƙare, sai aka rufe bayan da ƙofa aka ce a je haka. A layinmu 'Yar Guntuwa ake ce mata. Dillalin da ya sayar mini ya ce wata dattijuwa ce ke zuwa cefane da ita, daga baya na tarar da gashin akuya a ƙarƙashin kujerar baya. Abu ɗaya ya faɗa na gaskiya: ya ce ba shan mai take yi ba, shinshinawa take yi. Ta ɗauki katifa, ta ɗauki keken ɗinki, ta kai masu naƙuda asibiti ba sau ɗaya ba. Ina son ta, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Aibinta guda ne, ba ta tashi da makulli. Ka murɗa, ta ce ƙyas, ta yi shiru ta bar ka da tunaninka. Bakanikena mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa cewa bai sani ba. Ya fara da batir, muka canja. Ya koma kan filogi, muka canja. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya dube ni cikin tausayi ya ce, "Maigida, wannan da suke sayar maka ba fetur ba ne, ɗan uwansa ne na nesa." Aka wanke tanki, aka sa sabon famfon mai, ta ƙara cewa ƙyas. Sai a nan ya shafa gemu ya ce ai kik ne, abin da ke tayar da injin, ya mutu.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya ce, "Haba Maigida, ai sai an sallami marasa laifi tukuna ake kama mai laifi."

Kik mai kyau kuwa babu shi a kasuwa. An ce kayan suna can jibge a tashar jiragen ruwa suna jiran sa hannun wani Mai Girma, shi kuma ya tafi ƙasar waje koyo yadda ake hanzarta sa hannu. Na jabu bakaniken ya sa mini, ya kai ni daga gareji zuwa kwanar farko ya ce ga garinku. A ƙarshe bakanike ya miƙo mini tsohuwar sifana ya nuna mini inda zan riƙa dokawa in wani ya murɗa makulli. Wata rana dukan ya yi aiki, wata rana sai dai ka huce haushinka kawai.

Allah da ikonsa, gidan da nake haya a saman gangare yake. Kullum da yamma sai in ajiye ta hancinta na kallon ƙasa, in sa mata dutse a gaban taya, don birkin hannun ya daɗe da yin ritaya. Da safe in shiga, in sa giya ta biyu, in danne kuloci, maƙwabcina tela ya zare dutsen ya ba ta kafaɗa. Muna kaiwa tsakiyar gangare in saki ƙafa, ta yi tari, ta kama. Dokar layinmu ita ce duk wanda ya tura yana da kujera, amma da sanyin safiya in na tsaya mutuwa take yi, don haka rage gudu kawai nake yi, mutum ya biyo ya faɗo ciki. Tela ya ƙware har ba ya zubar da hularsa.

Titin namu kuwa, ramukansa sun girme wasu daga cikin 'ya'yana. Lokacin da nake sabon ango, Mai Girma Mai Almakashi, Allah ya ja zamaninsa, ya zo ya ƙaddamar da aikinsa. Bayan an yaye ɗana na fari ya dawo ya sake ƙaddamarwa, don kada mu zaci an manta da mu. Mutum ne mai riƙon alkawari, ya riƙe shi gam bai sake shi ba har yau.

Yanzu ga abin da ya sa jiya ba ranar wasa ba ce a wurina. Innata yanar ido ce ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take rabewa. Likitan da ke wannan aiki a asibitinmu ɗaya ne tal, mun yi watanni muna jiran layi ya zo kanmu, jiya ce ranar. Aka ce mu zo da wuri, wanda ya makara sai wani zagayen. Inna ba ta damu da ganin duniya ba, ta ce ta gan ta ta ishe ta. 'Yar autata take son gani, wadda aka haifa bayan idon ya rufe. Da yatsu kawai ta san fuskar jikarta.

Saboda haka shekaranjiya na wuni a layin mai. Kuma ku ji wani abu, layin mai ne kaɗai inda ba na jin ƙasƙanci, don a can kowa kashe inji yake yi yana turawa. Mai babbar mota na nishi, ni ina tura tawa da hannu ɗaya ina gaisawa da jama'a. Sai in ce masu raba mai sun kawo daidaito a ƙasa, a yaba musu.

Da gari ya waye jiya na fito, sai na tarar an sace mini gangare. Rumfuna daga ƙofar gidana har ƙasa, kujeru jere dama da hagu, jan kafet shimfiɗe a tsakiya ya lulluɓe ramukan nan tsaf. Can gefe ga wata ƙatuwar motar daddale kwalta an wanke ta an ɗaura mata balan-balan. Ashe Mai Girma zai sake tunawa da mu. An toshe layin ta ko'ina, babu tasi, kuma Inna ba ta iya hawa babur.

Na kamo hannunta na zaunar da ita a gaba. Sabon mayafi ta yafa, ta ce ba za ta fara ganin mutane da tsohon tsumma ba. Tela ya murɗa makulli, na doka sifana. Ƙyas. Na ƙara dokawa har da abin da ban yi niyya ba. Ko gezau. Na kira bakanike a waya.

"Ka doka?"

"Na doka."

"To ka ƙara."

"Na ƙara har hannuna ya yi tsami!"

"Gaskiya Maigida, sai dai gangare."

Gumi ya karyo mini. Rana na ɗagawa, kujeru na cika da baƙi, Inna na tambaya ko mun kusa tafiya. Sai ga wani matashi cikin kwat, waya a kowane hannu, daga gani shi ne mai tsara zama. Ya dubi 'Yar Guntuwa kamar ya ga ƙuda a cikin shayinsa.

"Motar wane ne wannan?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"A ɗauke ta. Za ta fito a hoto a bayan Mai Girma."

"Ni ma abin da nake roƙon ta ke nan tun ɗazu."

"To ka tayar da ita mana, Malam!"

"Ba ta tashi sai ta gangara."

"Ka yi baya."

"Baya tudu ne, ranka ya daɗe, kuma kun girke motar tsakuwa a can."

Ya juya ya daka wa wani tsawa a kawo motar ja. Aka ce masa motar ja tana layin mai tun jiya. Daidai nan ɗaya wayar ta yi ƙara, ya saurara, na ga ido ya raina fata: Mai Girma ya taso. Ya dubi motata, ya dubi jan kafet, ya sake duban motata. Ya yafito wasu ƙarti masu baƙin tabarau ya ce su tura, kuma su yi sauri kafin kowa ya lura.

Na shiga, na sa giya ta biyu, tela ya zare dutse. Ban taɓa jin turi irin wannan ba, wallahi. Mutanen nan da gani suna cin abinci.

To ashe an gaya wa 'yan badujala cewa da zarar sun ga mota a kan kafet masu tsaro na gudu a gefenta, su buga. Suka kuwa buga. Jama'a suka miƙe. Mai sanarwa ya fizgi abin magana ya ɗaga murya: "Ga mai sauƙin kai! Ga wanda ya bar manyan motoci a gida ya shigo ƙarama don ya ɗanɗana abin da talaka ke ji!" Tafi ya ɓarke ta ko'ina.

Inna ta ce, "Kai, wa ake yi wa wannan kirari haka?"

Na ce, "Ke ce, Inna."

Ta gyara mayafi ta ɗaga musu hannu a hankali, kamar ta saba. Muna kaiwa tsakiya na saki kuloci. 'Yar Guntuwa ta yi tari, salansa ta ce tau, ƙartin nan suka zube ƙasa suna laluben ƙugu, wasu manya suka shige ƙarƙashin kujeru da tumbinsu da komai. Ta kama. Muka bar musu baƙin hayaƙi da ɗigon baƙin mai tun daga sama har ƙasan kafet. Tela ya faɗo ta ƙofar baya yana dariya har da hawaye.

Ramukan gari na ratsa ba ji ba gani, cikin motar na karce ƙasa, ina ba ta haƙuri. Muka isa a kan lokaci, ban taɓa alfahari da ita irin na wannan safiya ba. Farfajiyar asibiti a miƙe take, ba gangare, don haka na bar tela a ciki ƙafarsa a kan totur, na ce ko me zai faru kada ya kashe. Na kama hannun Inna muka shiga.

Benci cike da tsofaffi masu jira, kowa da ɗan rakiyarsa, ƙofar likita a rufe. Wata ma'aikaciyar jinya ce kaɗai a teburi, ta gaishe da Inna da ladabi, sannan ta kasa haɗa ido da ni.

"Ku yi haƙuri, Baba. Likita ba ya nan. Yau babu aiki."

"Lafiya dai?"

"Umarni aka bayar daga sama, kowane babban ma'aikaci ya je ya cika kujera a wajen taro. Da safen nan aka turo mota ta kwashe su."

"Wane taro?"

"Na ƙaddamar da titi. Wani layi ne wai mai gangare."

Wato a cikin masu tabarau da suka miƙe suka tafa mana har da mutumin da muka yi watanni muna jira. Na tambaye ta sai yaushe. Ta ce sai an sake tsara layi, za a kira mu. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ba ya fitowa da faɗa, don ba ita ta yi mini ba, ita ma kunyar tsofaffin nan take ji. Inna ce ta matsa hannuna ta ce, "Ka ga, da mun yi zamanmu a gida da likitan ya same mu."

Kuma gaskiyarta. A nan dole in jinjina wa masu tsara mana rayuwa. Wace ƙasa ce ake ɗauko likita sukutum a kawo wa mara lafiya har ƙofar gida? Mu ne marasa godiya, aka kawo mana shi muka bi ta gabansa da gudu muka bule shi da hayaƙi.

Ba a buɗe layinmu ba sai da yamma. Kafin mu hau gangaren an naɗe kafet, an kwashe rumfuna, motar daddale kwalta ta koma inda aka aro ta, har tsakuwar ma an tafi da ita. Na shigar da Inna ɗaki, maman yara ta ɗora mata 'yar auta a cinya ba tare da ta tambaye mu komai ba. Inna ta sa yatsu tana bin goshin yarinyar da hancinta da kumatunta, yarinyar na ƙyalƙyala dariya tana jan sabon mayafin. Ban iya kallo ba, na juya zan fita kamar na manta wani abu a mota.

Ina bakin ƙofa ta kira ni. "To shi titin da aka yi wa wannan hidima duka, ya yi kyau kuwa?"

Na ce, "Ki kwantar da hankalinki, Inna, a nan kam ba a bar ki a baya ba. Mu masu idon ma ba mu gan shi ba."