Ardon Dodanni Ya Je Gaida Suruka

Allah ya yi wa Gwarzo baiwar manyan mutane, amma irin Alhaji Datti sai an tona. Kakanninsa sun bi shanu har ƙafafunsu suka tsage. Shi kuwa an hutar da shi, garkensa duka a aljihun babbar riga yake kwana, cikin wata 'yar na'urar wasa da ba ta fi tafin hannu ba. 'Yan majalisar bakin tasha suka naɗa shi Ardon Dodanni. Ya karɓi sarautar hannu biyu, bai tsaya duba fuskokin masu naɗin ba.

Kullum da la'asar yakan ba su karatu.

"Ku da ba ku waye ba, ku saurara! A cikin nan akwai ƙasa guda, da dazuzzukanta da garuruwanta. Ka shiga ciyawa, dodo ya fito, ka sa naka ya jigata shi, sannan ka cafke. Na ruwa yana kashe na wuta, na wuta yana cinye na ganye. Ka horar da su, ka bi gari-gari kana kayar da zakaru. Wannan ilimi ne, ba tallar nono ba!"

Mutane sukan gyaɗa kai. Inuwar wurin tana da daɗi.

Abin alfaharinsa wani dodon dutse ne da ya raɗa wa suna Gagarau. Damina guda ya yi yana horar da shi, geron gonarsa ta Madadi kuwa ya yi wa kansa noma. Sai dai masu ƙirƙirar wasan sun yi mugunta: Gagarau ba zai rikiɗa ya kai matuƙar girmansa ba sai an yi musayarsa zuwa wata na'urar, daga baya a dawo da shi. Wato sai mutum yana da aboki. Alhaji kuwa ya riga ya yi wa majalisa alkawarin ganin abin mamaki ranar Juma'a.

Aka bincika, aka sami na'ura ta biyu a Kabo, a hannun Inna Marka, mahaifiyar matarsa Sa'ada. Ta ƙwace ta ne daga jikokinta don su tafi islamiyya, ta ce bari ta duba abin da ke ɗauke musu hankali. Har yau dubawa take yi.

Sa'ada ta ce bari ta je ta yi wa Inna bayani. Alhaji ya ce ai mata ba su san fasaha ba, shi zai je.

Mutumin da ake jin muryarsa daga tasha har kasuwa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar Inna, kai a ƙasa. Aka gaisa, aka sake gaisawa.

"Inna... dama wani ɗan abu ne na ce bari in turo..."

Sauran zancen, wato a dawo masa da kayansa, ya maƙale a maƙogwaro. Suruka ce.

Aka haɗa na'urorin biyu, Gagarau ya tsallaka zuwa ta Inna, ya yi walƙiya, ya zama ƙaton tsauni mai hannaye.

Inna ta ce, "Kai, madalla! Shi nake nema tun azumi. Wasu surukan goro suke kawowa. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Wanda na turo maka tukuici ne, ba yawa."

"Amin, Inna," in ji Alhaji.

Ranar Juma'a majalisa ta cika har da masu leƙe. Alhaji ya gyara hula, ya bayyana cewa manya ba sa riƙe dukiya, kyauta ya yi. Hambali mai shayi ya roƙi a nuna musu tukuicin, su ma su sa albarka.

Wata 'yar koriyar tsutsa ce. A samanta ga sunan da Inna ta daɗe da raɗa mata, wasan kuma ba ya bari a canja sunan abin da aka ba ka: Surukina.

Waɗanda suka san wasan sun ce tsutsar ba ta iya faɗa ba. Kumbura kawai ta iya.