Baƙin Gaisuwa a Masaukin Ɗan'azumi

Alhaji Ɗan'azumi fatoma ya rasu ranar Talata, zaurensa kuwa ya riga shi tafiya, tun da aka rushe shi aka yi wajen ajiye motoci. A wannan zauren na Fagge ya fara saukar da fataken goro, matarsa Inna Tasalla tana tuƙa musu tuwo, kuma ba a taɓa tambayar baƙo me ya sa bai aiko ba. Yau Masaukin Ɗan'azumi ya zama otal mai hawa goma sha biyu, da reshe a Abuja, da Akara, da Dubai, har Landan. Jikansa Mubashshir ne shugaba.

Ranar sadakar uku sai ga tsofaffi huɗu daga Damagaram, tsoffin baƙin marigayi, sun zo gaisuwa. Gida ya cika maƙil, ko wajen shimfiɗa tabarma babu. Inna ta ja mayafi ta tasa su gaba har otal, ta iske Mubashshir yana nuna wa 'yan jarida taswirar duniya da ya soka wa ƙananan tutoci.

"Maigidana, ga baƙin kakanka. A ba su ɗaki."

"Haba amaryata, ai ba haka ake yi ba yanzu. Sai an kama ɗaki ta waya, aƙalla mako biyu kafin a zo. Tsarinmu ɗaya ne daga nan har Landan."

"Shekara talatin suna sauka a wajenmu, ko goro ba su taɓa aikowa gaba ba."

"Wancan zamanin zaure ne. Yanzu ko ni ban isa in tsallake kwamfuta ba. Da sun sanar tun da wuri, da ɗakin sama zan ba su, mai kallon gari."

Inna ta dubi tsofaffin nan riƙe da butocinsu, ta dubi tutocin. Sai ta juya wajen 'yan jarida ta ɗaga hannuwa.

"To jama'a, ku taya ni addu'a. Allah ya jiƙan Alhaji, ya yafe masa mutuwar da ya yi babu sanarwa. Shi kuma maigidana, in tasa ta zo, Allah ya sa a bugo masa waya tun saura mako biyu, masu gaisuwa su samu ɗaki. Ku ce amin."